Kalifoniya: Jihar da sai an ci jarabawa kafin a zuba wa mutum giya

A watan Mayun 2015, wani direba da ya sha ya bugu ya bi hannun da ba nasa ba a babbar hanyar San Diego da ke Amurka, ya yi taho-mu-gama da wata mota. Ɗalibai mata biyu masu karatun likita suka mutu. Abokan karatunsu ba su tsaya a kan direban kaɗai ba, sun tambayi wanda ya yi ta cika masa kofi har ya kai wannan hali.

Fafutukarsu ce ta haifar da dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2017. Tun daga watan Yulin 2022, duk mai miƙa giya a mashaya ko gidan abinci a jihar Kalifoniya, har da manajansa, dole ya yi kwas, ya zauna jarabawa ya samu aƙalla kashi 70 cikin 100, kuma ya sabunta shaidar duk bayan shekara 3.

Abin da ake koyarwa ba wani boyayyen ilimi ba ne. Ana nuna wa ma'aikaci alamomin maye: harshe ya fara nauyi, ido ya kaɗa, murya ta ɗaga, hannu na lalube wajen ciro kuɗi. Ana so ya riƙa ƙirga kofunan da mutum ya sha, ya jinkirta kawo na gaba, ya ajiye masa ruwa da abinci. Ana kuma rushe tsohuwar camfin nan cewa kofi mai ƙarfi na warware maye. Ba ya warwarewa. Hanta ce ke aikin, kuma kusan ma'auni ɗaya take iya narkarwa cikin awa guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne faɗin "ya isa haka" ga mutumin da ya zo da kuɗinsa. Shawarar masu horarwa ita ce a ja shi gefe, kada a kunyata shi gaban abokai, sannan a kira masa tasi ko Uber.

Jihar Oregon ta riga Kalifoniya, tun 1987. Wani bincike da aka wallafa a 1994 ya gano cewa haɗurran dare na mota ɗaya da ke jikkata mutane sun ragu da kashi 23 cikin 100 bayan shekara 3.

Sai dai takardar shaida ba ta biyan kuɗin haya. Yawancin ma'aikatan mashaya a Amurka da tukuicin kwastomomi suke rayuwa, kuma wanda aka hana kofi ba ya barin tukuici. Idan mai gida ya fi damuwa da cinikin daren, ma'aikaci zai kawar da kai, duk da cewa sayar wa wanda mayensa ya fito fili laifi ne a dokar jihar.

A 2022, mutum sama da 13,000 ne suka mutu a haɗurran da suka shafi tuƙi cikin maye a faɗin Amurka.