IDAN HAƊARI YA KWANTAR DA MA'AIKACI, INA MAFITA?

Ma'aikaci yakan fita daga gida da safe lafiyarsa ƙalau, kafin azahar sai ga shi kwance a gadon asibiti, ko dai ya faɗo daga kan tsani, ko inji ya kama masa hannu, ko kuwa motar da ya shiga ta yi karo a kan hanya. A ran nan hankalin iyali duk yana kan raunin. Amma bayan mako biyu ko uku sai wata damuwar ta kunno kai, wato ta kuɗin magani, da na cefane, da na haya, da na makarantar yara, ga shi kuwa mai nemowa ba ya iya ko tashi. Mutane da yawa a nan ne suke sayar da fili ko dabbobi, ko su faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa, alhali kuwa akwai haƙƙin da doka ta tanadar musu, rashin sani ne kawai ya raba su da shi.

Dokar da ake magana a kanta ita ce ta biyan ma'aikata diyya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar 2010, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A ƙarƙashin tsohuwar, mai ba da aiki shi ne ke da alhakin biyan diyya da kansa. Sabuwar kuwa ta kafa asusu guda, ta danƙa kula da shi a hannun hukumar NSITF, wadda aka kafa a 1993. Kowane mai ba da aiki, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, wajibi ne ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a wannan asusu, kuma an hana shi cire ko da kwabo daga albashinsu don wannan. Dokar ta haɗa da ma'aikacin dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, ko da kuwa da baki aka ƙulla yarjejeniyar aikin. Sojoji ne aka keɓe.

Ba raunin da aka samu a cikin ma'aikata kaɗai ake biya ba. Haɗarin da ya auku a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki, haka kuma cutar da irin aikin ya jawo, kamar kurmancewa saboda ƙarar injuna. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda kuwa naƙasarsa ba ta kai haka ba, akan biya shi gwargwadon abin da ta rage masa. Bayan wannan akwai taimakon magani, da na koya masa wata sana'ar da jikinsa zai iya ɗauka.

To, amma fa duk wannan yana rataye ne a kan lokaci, kuma a nan ne ake yin asara. Lalle ne ma'aikaci, ko wani daga cikin iyalinsa, ya sanar da mai ba shi aiki cikin kwana 14 da aukuwar abin, ya faɗi wuri, da lokaci, da yadda ya faru. Shi kuma mai ba da aikin an ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyya kuwa ana shigar da ita ne cikin shekara 1. Saboda haka ya fi kyau a rubuta sanarwar a takarda, a ajiye kwafi, a kuma adana rahoton likita, da rasidan magani, da takardar albashi, da rahoton 'yan sanda idan haɗarin mota ne. Maganar fatar baki takan bi iska.

Akwai wata kafar kuma ta fansho. Dokar fansho ta 2014 ta hana taɓa asusun ajiyar ritaya kafin shekara 50, amma ta yi rangwame ga wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Haka nan wanda ya rasa aikinsa, ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya karɓar har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Sai dai wannan guzurin tsufa ne, bai kamata ya zama abin da za a fara taɓawa ba.

A cikin gida kuwa, dabara ita ce a zauna da iyali tun da wuri, a lissafa abin da ke shigowa da abin da ke fita, a gabatar da abinci da magani da haya, sauran su jira. Wanda ake bi bashi gwamma ya aika wa mai bin sa da bayani kafin ranar biya, ya nemi ɗaga ƙafa. Rancen ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata ya fi na mai ruwa sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuma kuɗi suka shigo a dunƙule, to, jari ne, ba na biki ba ne.

Abin da ya rage ga mai lafiya shi ne ya je ofishin mulki na ma'aikatarsa, ya tambaya ko an yi mata rajista da hukumar, ko kuma ana zuba kuɗin. Ɗalibin da ke shirin kama aiki shi ma ya riƙe wannan tambaya. Yin ta da ƙafafu biyu ya fi aika ta daga gadon asibiti.