Ƙafar Mota Da Hanyar Madina

Duk alhajin da ya ɗaura harami a Zulhulaifa, wurin da mutanen Madina suka fi sani da suna Abyar Ali, akwai tafiyar fiye da kilomita 400 a gabansa kafin ya sa ido a kan Makka. Alhazan da suka sauke farali shekaru hamsin da suka wuce ta Badar da Rabig suka bi, suna gangarawa gefen Bahar Maliya. Yanzu kuwa Hanyar Hijira ce ta ɗauke wannan nauyi, shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wadda ta ratsa duwatsu da baƙaƙen fako na aman dutse. A watan Fabrairu na 2018 hukumomin Sa'udiyya suka yarda wa ƙananan motoci su yi gudun da ya kai kilomita 140 cikin sa'a guda a kanta. Ko da yake jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki a wannan shekarar, har yanzu ɗimbin jama'a, ciki har da masu Umara daga Kano da Maraɗi da Kumasi, a mota suke yin tafiyar.

Motar da ke irin wannan gudu, abin da ya haɗa ta da ƙasa bai wuce wurare huɗu ba, kowanne kuwa faɗinsa kamar tafin hannu ne. Aikin abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne ya danne waɗannan wurare huɗu a kan kwalta kowane lokaci. Mutane da yawa sun ɗauka ƙafar mota don jin daɗin zama kawai aka yi ta, alhali kuwa birki da sitiyari duka a kanta suka dogara. Tayar da ta tashi daga ƙasa, ko na ƙiftawar ido ne, ba ta jin birki, ba ta kuma jin sitiyari.

Abubuwa uku ne ginshiƙanta. Na farko sifirin, wanda ke ɗauke da nauyin motar, ko dai murɗaɗɗe irin na ƙananan motoci, ko kuwa falle-falle irin na bayan akori-kura. Na biyu shokazoba. A garejojin unguwar Sana'iyya ta Madina, Larabawa suna kiranta musa'adat, watau mataimaka, sunan kuwa ya dace da ita, gama ba ita ke ɗaukar kaya ba. Sifirin idan aka danne shi aka sake, sai ya yi ta lilo. Ita shokazoba bututu ce cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan kafofi, man yana kutsawa ta cikinsu da ƙyar, ta haka lilon yake mutuwa, ƙarfinsa ya koma zafi. Na uku wata sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, wadda ke hana mota kwantawa gefe guda idan ta sha kwana. Tsakanin waɗannan duka akwai robobi a mahaɗar ƙarafa, su ne bushin.

Batun zafin nan shi ya sa Madina ta bambanta da ƙasashen da aka ƙera yawancin motocin. Da bazara zafin garin yakan wuce digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, na kwalta kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Man shokazoba idan ya yi zafi yakan tsinke, in kuma aka yi ta jijjiga shi sai ya yi kumfa, fistin ya riƙa wucewa ba tare da turjiya ba. Direba zai bar Madina da asuba motarsa daram, amma bayan sa'o'i uku a rana ya ji ta soma yawo a hannunsa kamar kwalekwale. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Bourcier de Carbon shi ne ya samo maganin wannan wajen 1953: ya matsa iskar naitirojin a ƙarshen bututun, ta danne man ta hana shi kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya fara sa irinta a motocin Mercedes a 1957. Ga mai mota da ke zirga-zirga tsakanin Madina da Makka ko Jidda, shokazoba mai iskar gas, ta kamfanin da aka sani, ita ce canjin da ya fi cancantar kuɗinsa. Biyu-biyu ake sauya ta, na gaba tare ko na baya tare, domin sabuwa a dama da tsohuwa a hagu sukan sa mota ta ja gefe guda lokacin da aka taka birki.

Sai dai kafin a kai ga sayen sabon abu, ya kamata a tabbata tsohon lafiya yake. Sau da yawa mutum yakan zuba kuɗi a kan sifirin mai tauri, ashe robar bushin ce zafi ya busar ta tsage, ko kuwa tayoyin gaba ba su fuskantar wuri guda. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: mai yana tsatsafowa a jikin shokazoba, taya ta ci gefe ɗaya ko ta yi tudu da kwari, gaban mota ya dunguri ƙasa in an taka birki, ko kuma a danna kusurwar motar a sake ta ta yi lilo fiye da sau ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaya ne matsala ta biyu. Babbar motar nan ta GMC da Larabawa ke ce wa Jims, ko Land Cruiser, idan ta ɗauki mutum bakwai ko takwas, aka cika bayanta da akwatuna da katan-katan na dabinon ajwa da jarkokin ruwa, sai bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga. Nauyi ya ragu ke nan a kan tayoyin da ke juya motar, fitilu kuma su riƙa haska sama. A nan sifirin na baya mai ƙarfi, ko jakar iska da ake ƙarawa don ta taimaka masa, suna da amfani ƙwarai. Amma fa ba su ƙara wa motar iyakar nauyin da maƙeranta suka rubuta a jikin ƙofar direba, gama birki da taya da akasul suna nan yadda suke. Kayan da aka ɗora a kan rufi kuwa sun fi kowanne haɗari.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. Abin da ke hana mota kifewa shi ne faɗin tsakanin tayoyinta idan aka gwada shi da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa. Kowane kamu da aka ɗaga ta, an kusantar da ita ga wuntsilawa. Bugu da ƙari, ƙarfin da ke tura mota waje a kwana yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Samarin da ke ɗaga motocinsu don shiga rairayi ko hawa fakon Harrat Rahat, wanda ya yi aman wuta har kusa da Madina a 1256, suna da hujjarsu muddin suna cikin jeji. Motar da aka ɗaga haka ba ta dace da gudun 140 ba, balle ɗauke da iyali. Masu sauke mota ƙasa da yanke sifirin su ma ba su tsira ba. Sifirin da aka yanke yakan ƙare tafiyarsa da wuri, ƙarfe ya bugi ƙarfe a kan tudun rage gudu, taya ta yi tsalle.

Mota mai tauri ba lalle ba ne ta fi riƙe hanya. Mutanen Nijeriya da Nijar shaidu ne a kan haka. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ƙafarta mai laushi ce mai doguwar tafiya, a wannan shekarar kuma ita ta cinye tseren Safari na Afirka ta Gabas. Laushin ne ya sa tayoyinta ke bin ƙasa duk inda ta lanƙwasa. Haka kuma sandar da ke hana kwantawa: idan aka ƙara mata kauri a gaba, mota takan nemi miƙewa a kwana, wannan kuwa direba na iya gyarawa da sassauta gudu, idan a baya aka ƙara fiye da kima, bayan motar ne zai fizge, wanda sai gwani ke iya tarewa.

Gwajin gaskiya na ƙafar mota ba a miƙaƙƙiyar hanya yake ba, sai ran da wani abu ya faɗo gabanta ba zato. A Suwidin wata irin ƙatuwar barewa ce ta ƙasashen sanyi. A hanyoyin Haibar da Al'ula raƙumi ne, musamman da dare. A watan Oktoba na 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci ta Suwidin suka gwada sabuwar Mercedes A-Class da irin wannan kaucewa, ta kuwa kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya sauke ta ƙasa kaɗan, ya ƙarfafa ƙafarta, ya kuma sa mata na'urar da ke taka birkin taya ɗaya ɗaya da kanta don ta miƙar da mota. Yau yawancin sababbin motoci suna da wannan na'ura, amma an daidaita ta ne bisa tsayi da girman tayar da motar ta fito da su daga masana'anta. Wanda ya sauya su da yawa ya rikita mata lissafi.

Ita kanta ƙasar Sa'udiyya ta taɓa zama farkon inda wani babban darasi ya bayyana. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone na motar Ford Explorer suka riƙa saɓulewa a kan gudu cikin zafi, doguwar motar kuma ta kife. A watan Agusta na 1999 kamfanin Ford ya fara sauya tayoyin a Sa'udiyya, shekara guda kafin a janye taya miliyan shida da rabi a Amurka, inda aka danganta mutuwar fiye da mutum 200 da al'amarin. Wani abin da aka yi ta jayayya a kansa shi ne iska: Ford ya rubuta 26 a ma'aunin masu faci, masu tayar kuwa suka ce 30 ya fi dacewa. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, tana ɗaukar zafi. Da aka sake fasalin motar a samfurin 2002, sai aka faɗaɗa tsakanin tayoyinta, aka kuma raba ƙafafunta na baya kowacce da aikinta.

Saboda haka taya ma wani sashe ne na ƙafar mota. Ana auna iskarta da safe kafin ta yi zafi, kuma ba a rage mata iska a tsakiyar tafiya don an ga ma'auni ya hau. A gefenta akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Akwai kuma harafin A ko B ko C mai nuna juriyarta ga zafi, A shi ne mafi juriya. A Madina roba takan tsufa tun zanenta bai cinye ba. Wanda kuma ya ƙudura zai ɗaga motarsa ko ya sauya mata fasali, sai ya fara neman izini, domin dokar hanya ta Sa'udiyya ta hana yin haka ba da yardar hukuma ba, masu binciken lafiyar motoci da ake kira fahas kuwa sukan leƙa ƙarƙashin mota kafin su ba da takarda.