3.4 Tasirin Ruwan Sama da Yanayi Kan Wasannin Fili a Yankin Kazaure

3.4.1 Shimfiɗa

Wannan sashe zai duba yadda ruwan sama da sauyin yanayi suke shafar wasannin fili a ƙananan hukumomin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa na Jihar Jigawa. Za a kwatanta abin da ake samu a nan da wasan kurket na ƙasa da ƙasa, kasancewar da wuya a sami wasan da ruwa yake takura wa kamarsa. Manufar ita ce a nuna cewa Bature ya yi wa ruwa doka a cikin wasansa, shi kuwa Bahaushe kauce masa ya yi.

3.4.2 Yanayin Yankin da Lokutan Wasa

Shekara a wannan yanki ta kasu gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani. Ruwa yakan zauna daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma ya fi ƙarfi a watan Agusta, lokacin marka. Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. A Ɓaɓura, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, jigawa ta fi yawa, don haka ƙasa takan tsotse ruwa nan da nan. A Kazaure da Roni kuwa akwai duwatsu da tuddai, inda ruwa yakan gangaro ya kwanta a kwari, ya bar fili cikin taɓo.

Bisa al'ada, dambe da kokawa wasannin kaka ne. Dalili na farko shi ne, samarin da suke shiga fage su ne majiya ƙarfin gandu, ba a raba su da gona da damina. Na biyu, sai an kai amfanin gona gida ake samun abin yi wa makaɗi kari da saukar da baƙin 'yan wasa. Na uku, shi kansa fagen sau da yawa gona ce da aka girbe. Haka ma langa da sauran wasannin dandali sun fi armashi da farin wata, lokacin da ƙasa ta bushe.

3.4.3 Yadda Ruwa Yake Ɓata Wasa

A dambe, idan hannu ko gwiwar ɗan wasa ta taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, a kokawa kuma faɗuwa ita ce kaye. Saboda haka fili mai santsi yakan jawo gardama, domin ba a iya rarrabe wanda naushi ya kayar da wanda sulɓi ya kayar. Ban da wannan, laima tana sassauta fatar kalangu har amonsa ya dushe, alhali kuwa kiɗa da kirari su ne suke tsima ɗan dambe. Uwa uba, fagen ba shi da rufi, da zarar hadari ya taso sai 'yan kallo su watse.

Rani ma da nasa cikas. Hazo da ƙurar hunturu sukan rage gani, zafin bazara kuma yakan tilasta a jira la'asar sakaliya kafin a buɗe fage.

3.4.4 Kwatanci da Wasan Kurket

Kurket wasa ne na Ingilishi wanda ya shigo Arewa ta hanyar makarantun boko irin su Kwalejin Katsina. A cikinsa mai jifa yakan wurga ƙwallon fata ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu. Idan wurin ya jiƙe, tashin ƙwallon yakan sauya har ta zama haɗari, don haka da an soma yayyafi mai ƙarfi sai alƙalai su tsayar da wasa a lulluɓe tsakiyar filin.

Misali mafi shahara shi ne wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya a shekarar 1992. Afirka ta Kudu tana neman maki 22 daga jifa 13 don ta doke Ingila, sai ruwa ya sauko na ɗan lokaci. Da aka dawo, dokar wancan zamani ta zaftare yawan jifan, allon filin ya nuna ana neman maki 22 daga jifa 1, abin da ba ya yiwuwa. Wannan ya sa masana lissafi biyu, Frank Duckworth da Tony Lewis, suka fito da tsarin da yake auna yawan jifan da ya rage da yawan 'yan wasan da ba a fitar ba. An fara aiki da shi a 1997, hukumar kurket ta duniya kuma ta karɓe shi a 1999.

Duk da haka, lissafi bai hana ruwa zuba ba. A shekarar 2002 a birnin Kolambo, Indiya da Siri Lanka sun raba kofi saboda ruwa ya katse wasan ƙarshe kwana biyu a jere. Ita ma Nijeriya ta ɗanɗana, domin a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 da aka yi a Malesiya a 2025, an soke wasanta da Samowa saboda jiƙewar fili, sannan ta doke Niyu Zilan da tazarar maki 2 a wasan da aka taƙaita.

3.4.5 Naɗewa

Idan aka duba da kyau, za a ga bambancin ya samo asali ne daga yanayin ƙasashen. A Ingila ruwa ba shi da lokaci, dole a yi wasa a tsakaninsa. A ƙasar Hausa kuwa an san shigar damina da fitarta, sai aka bar mata watanninta. Ko gasar kokawa ta ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, da rani ake shirya ta.

Sai dai wannan tsari ya fara sauyawa. Dambe ya zama sana'ar da ake biyan kuɗin ƙofa, kuma gasannin ƙwallon ƙafa na unguwanni sukan faɗo a dogon hutun makarantu, wato tsakiyar marka. Tambayoyin da magabata ba su fuskanta ba sun taso: wane ne ya ci idan ruwa ya tashi wasa, kuma ina makomar kuɗin ɗan kallo? Matuƙar masu shirya wasanni a yankin ba su amince da ƙa'ida tun kafin a shiga fili ba, hadari ɗaya ya isa ya mayar da wasan zumunci tsakanin garuruwa biyu ya koma rigima.