Wayar Hannu a Makaranta: Yadda Aka Yi a Faransa

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wuyar tattara hankalin yara arba'in wuri ɗaya. Akuya ta leƙo ta taga, sai aji ya watse. To, yanzu ga abin da ya fi akuya, gama shi a aljihun yaro yake, watau wayar hannu. A taron iyaye da malamai ana ta gardama a kanta. Waɗansu su ce a hana, waɗansu su ce ai da ita ake neman yaro in ya yi dare a hanya. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin ƙasar Faransa, wadda ta daɗe tana fama da wannan magana.

Tun a 2010 dokar Faransa ta hana 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare amfani da waya sa'ad da ake darasi. Amma da an fita hutun tara sai kowa ya zaro tasa, kuma dokar ba ta fito fili ta ba malami ikon karɓewa ba. A watan Agusta na 2018, lokacin da Jean-Michel Blanquer yake ministan ilimi, aka yi sabuwar doka. Ita ta hana waya a dukan harabar makaranta, har da lokacin hutu, tun daga ajin ƙananan yara har ƙarshen ƙaramar sakandare, watau yara masu shekara 15 ko wajen haka. Ta kuma yarda makaranta ta karɓe wayar wanda ya ƙi ji. An ɗauke wa naƙasassu da marasa lafiya waɗanda suke bukatar na'ura, an kuma bar ƙofa domin aikin koyarwa idan ka'idar makaranta ta yarda. Manyan makarantun sakandare kuwa, dokar ta bar wa kowace ta yanke wa kanta.

Ga inda gizo yake saƙa. Ba a ce yaro ya bar waya a gida ba. An ce dai ya kashe ta, ya sa a jaka. Mu da muka yi koyarwa mun san abin da yake cikin jakar yaro bai yi nisa da hannunsa ba. Malami guda ba zai iya koyar da lissafi yana kuma gadin jakunkuna talatin ba. Domin haka a watan Satumba na 2024 aka fara wani gwaji a ƙananan sakandare kusan 200: yaro ya ajiye wayarsa da safe, ko a akwati mai makulli ko a wata 'yar jaka da ake kullewa, ya karɓa in an tashi. A 2025 gwamnati ta ce a faɗaɗa wannan zuwa sauran makarantun. Nan da nan maganar kuɗi ta taso, gama hukumomin larduna ne suke ɗaukar nauyin gine-gine da kayan waɗannan makarantu, kuma akwatuna ba kyauta ake samunsu ba.

Ko hanin yana da amfani? Wani bincike da aka fitar a 2015 a kan makarantun birane huɗu na Ingila ya nuna sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan an hana waya, kuma yaran da suke baya a karatu su ne suka fi cin riba. Masu ƙoƙari ba su canza sosai ba. Wannan ya taɓa mu ƙwarai, domin yaron da yake baya shi ne wanda ba shi da mai koya masa a gida. Amma a 2025 masana a Jami'ar Birmingham suka duba makarantu 30, suka ga hani a makaranta kaɗai bai rage yawan sa'o'in da yara suke yi a kan waya a yini ba. Abin da aka hana su da safe, sai su rama da dare.

A ganinmu hanin daidai ne, sai dai rubuta shi a allon sanarwa ba ya isa. A ƙauyukanmu waya ɗaya takan zama ta dukan gida, an kuwa sayar da buhun masara kafin a saye ta. Idan makaranta za ta karɓa da safe, dole tun da wuri a san wanda zai riƙe makulli, da littafin da za a rubuta sunan mai kowace waya, da wanda zai biya in ta ɓace. Sai kuma a ba iyaye lambar hedimasta ko ta wani malami, domin uwar da ɗanta yake tafiyar mil biyar zuwa makaranta ta san inda za ta kira idan ruwa ya cika rafi.