Wutar Jin Ɗumi da Dokokinta

A garuruwan Amurka da yawa, mai son hura wutar hira a bayan gida sai ya fara da awo. Ƙa'idar da suke bi ta ce kada tarin itacen ya wuce ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 2 a tsayi, kuma ya nisanci gini da ƙafa 25. Da za a kawo wannan awo ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunci, da kusan kowane gida ya taka doka, don tsakanin murhu da danga da rumbu taku kaɗan ne.

Mu ma muna da tamu a takarda. Tun 2011 hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, ke da dokar da ta hana ƙona daji ba da izini ba. Je ka dandali ka tambayi wanda ya taɓa karɓo takardar ƙona sassabe, ka ga kallon da za a yi maka. Gargaɗin da ke shiga kunne na mai unguwa ne da dagaci, sai kuma tsoron biyan ɓarna in wutarka ta tsallaka gonar maƙwabci.

A ganina, darajar kara ta fi kowace doka tsare wuta a nan. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda gona ke manne da gona, ana noma ta duk shekara ba hutu. A irin wannan ƙasa babu abin yarwa. Karan dawa shi ne danga, shi ne makamashin tuwo, ganyensa na dabbobi ne. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce tsagwaronta, shi ya sa ake ɗora ta kan bishiya. Wanda ya cinna wa kara wuta don nishaɗi kawai, sai a fara tambayar lafiyarsa. Ko toka ba ta tsira ba: daga murhu sai juji, daga juji jaki ya kai ta gona a mangala.

Sai da hunturu ake ɗan yin sassauci, dattawa su kewaye wuta da asuba. Almajirai kuma su tsinto kara, dare ya yi su hura, su sami ɗumi da hasken karanta allo a lokaci guda.

Dokar kashe wuta kafin barci ta girmi duk waɗannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) a kai, bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina. Wata ruwayar ma ɓera ta ambata, mai jan lagwanin fitila ya jawo gobara.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ba ya bukatar harshen wuta kafin ya yi kisa. Iskar da yake fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari.

Masu wasa da wuta a bainar jama'a ba mai ce musu kanzil su ne maƙera, waɗanda aka san su da kama jan ƙarfe a wajen biki. A arewacin Gana abin ya wuce nan: daren bikin Bugum, cikin watan Muharram, Dagombawan Tamale da Yendi kan fito ƙwansu da kwarkwatarsu, riƙe da dammunan ciyawa suna ci da wuta, kuma sarki ne ke fara kunna nasa.