Kaskar zuma: mu ƙidaya ta kafin mu nemi magani

Ƴan'uwa manoma da masu kiwon zuma, kowa ya san kaska. Mun san yadda take maƙale wa saniya a wuya ko a hantsa, tana tsotsa har dabba ta rame. To, ƙudan zuma ma yana da tasa kaska. A cikin littattafai sunanta Varroa. Mu dai a wannan shafi za mu kira ta kaskar zuma.

Ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta wajen milimita 1 da rabi ne, wato ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Launinta ja ne mai duhu, jikinta a baje kamar faifai, ƙafafunta 8. Mai ido yana iya ganin ta ba tare da gilashi ba, amma ta iya ɓuya. Takan shige ƙarƙashin cikin ƙuda, inda ba a gani. Da can ana zaton jini take sha. A shekarar 2019 masu bincike a Amurka suka nuna cewa kitsen jikin ƙuda take ci, shi ne kuwa yake yi wa ƙuda aiki irin na hanta.

Asalinta daga Asiya ne. Can tana zaune da wani irin ƙudan zuma da ya saba da ita. Da mutane suka riƙa ɗaukar amya daga wata ƙasa zuwa wata, sai ta samu hanya. Ta shiga Faransa a 1982, Amurka a 1987, Ingila a 1992. An gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya kuma a 2009. An tabbatar da ita a Nijeriya da Benin, maƙwabtanmu. Ƙudan zuma kuwa bai san iyaka ba, ba ya tsayawa wurin ƴan duwan. Saboda haka mai amya a Gaya, ko Madarunfa, ko Magarya, ko Matamaye, ya kamata ya san kamanninta.

Yadda take ɓarna

Ba a jikin babban ƙuda take haihuwa ba. Cikin saƙa take yi, inda ƴaƴan zuma suke. Uwar zuma, wadda wasu ke kira sarki, tana sa ƙwai ɗaya a kowane rami. Ƙwan ya zama tsutsa. In tsutsar ta girma, sai ma'aikatan zuma su rufe ramin da kaki. Gab da rufewa ne kaskar take faɗawa ciki. A rufe ta tare da tsutsa, ta yi ƙwai, ita da ƴaƴanta su yi ta cin jikin wannan tsutsa wajen kwana 12. Ranar da ƙuda ya fito, su fito tare da shi, su nemi wani rami.

Ta fi son ramin namijin zuma, domin shi ya fi daɗewa a rufe, ƴaƴanta sun fi samun lokacin girma. Mu riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Ƙudan da aka ci tun yana tsutsa yakan fito ba ƙarfi, kwanansa kaɗan. Abin da ya fi muni shi ne cutar da kaskar ke ɗauke da ita, kamar yadda sauro ke ɗauke da zazzaɓi. Wannan cuta tana lalata fiffike. Sai mu ga ƙudaje a bakin amya suna rarrafe, fiffikensu a murɗe, ba su iya tashi. A ƙasashen Turai, amyar da aka bari ba magani takan mutu cikin shekara 2 ko 3.

Asarar ba ta tsaya ga zuma da kaki ba. Ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Kankana, kabewa, riɗi da mangwaro duk suna ƙaruwa da shi. Mai noman irin albasa a Galmi ma yana cin moriyarsa, ko bai da amya ko ɗaya.

Namu ƙudan ya bambanta

Ga labari mai daɗi. Ƙudan zuman Afirka ya fi na Turai jure wa wannan kaska. A Afirka ta Kudu an ji tsoro ƙwarai da ta shigo, amma galibin masu amya ba su sa magani ba, kuma bayan ƴan shekaru zuma ta saba da ita. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da abokan aikinta sun zaga wurare da yawa. Sun sami kaskar kusan ko'ina, amma ba su ga ta rage ƙarfin amya ba. A 2014 suka ba da shawara kada a sa magani.

Dalili kuwa, namu ƙudan yana yawan sosa jikinsa da na ƴan'uwansa. Yana buɗe ramin da ya ji akwai cuta, ya fitar da tsutsar waje. Ƴaƴansa ba su daɗewa a rufe kamar na Turai. Sannan yana yawan rabuwa da yin ƙaura. Wannan ƙaura da ke ɓata mana rai in mun tarar da amya wayam, ita ma tana taimakon sa, don yakan bar kaska mai yawa a baya cikin tsohuwar saƙa.

Amma jurewa ba ta hana mu dubawa. Amyar da yunwa ta kama a rani, ko wadda feshin gonar wake ya raunana, ba ta da ƙarfin faɗa da kaska.

Yadda za mu ƙidaya

Mai amyar gargajiya, ta ciyawa ko ta kututture, ba ya iya ciro saƙa ya mayar. Lokacin ɗibar zuma ne damarsa. In ya yanko saƙa mai ƴaƴa, ya nemi ramukan maza. Sun fi sauran girma, murfinsu a tashe yake kamar kan tulu. Ya sa ƙaya ko tsinke ya buɗe kamar 50, ya zaro tsutsar. Tsutsa fara ce fat, kaska ja ce, ba ta ɓuya. Tun da dare ake wannan aiki, a ajiye saƙar a rufe har gari ya waye. A rubuta abin da aka gani. Mun koyi rubutu, ga wurin amfaninsa.

Mai amyar Kenya, wadda ake ɗaga sandunanta ɗaya bayan ɗaya, yana da hanyar sukari. Ga yadda ake yi.

A daka sukari a turmi mai tsabta har ya zama gari, a tankaɗe. A sami kwalba mai faɗin baki. A zuba mata ruwa mililita 100, a yi alama inda ruwan ya tsaya, a zubar, a shanya ta sosai. Ƙudaje zuwa wannan alama sun kai wajen 300. A yi mata murfi da ragar waya mai ramuka na milimita 2 zuwa 3. Ragar sauro ba ta yi, ramukanta sun yi ƙanana, kaska ba ta wucewa.

A ɗaga saƙa mai ƴaƴa, a duba da kyau kada uwar zuma tana kai. A kakkaɓe ƙudaje cikin kwano, a zuba su kwalba zuwa alama, a rufe. A sa garin sukari babban cokali 2. A jujjuya kwalbar har sukari ya rufe su, a ajiye a inuwa minti 2. Daga nan a kifa ta bisa farin kwano, a yi ta girgizawa minti 1. Sukari yana hana kaska riƙe jikin ƙuda, sai ta faɗo. A zuba ruwa kaɗan a kwanon, sukari ya narke, a ƙidaya. Ƙudajen kuma a mayar da su gida, ƴan'uwansu za su lashe su. Da damana sukari yana dunƙulewa, sai a daka sabo ranar aiki.

Adadin da aka samu a raba shi 3. In an sami kaska 6, ke nan 2 ce bisa kowane ƙuda 100. A Turai da Amurka, in ta kai 3 bisa 100 sai su tashi neman magani. Mu kuwa, mu haɗa lissafin da abin da ido ya gani: shin ƙudaje na raguwa, shin akwai masu murɗaɗɗen fiffike? A sake ƙidaya bayan wata ɗaya. Wani ƙwaro ma yana nan mai kama da ita, ƙwarƙwatar zuma, amma ƙafafunta 6 ne, ɓarnarta kuma kaɗan ce.

In ta yi yawa

Mu fara da abin da ba ya cin kuɗi. Tun da ta fi taruwa a ramin maza, a yanke saƙar maza bayan an rufe ta, a ba kaji ko a narke ta. Kada a ɗauki saƙa mai ƴaƴa daga amya mai cuta a kai wata. Kada a jera amyoyi a manne da juna. In za mu ƙara amya, mu ɗauki iri daga wadda ta fi lafiya. Kada mu sayi uwar zuma ko ƙudajen da aka kawo daga ƙasashen waje, ko da an yaba mana yawan zumarsu.

Akwai magungunan da aka yi musamman don amya, kamar Apivar da Apistan, da wasu masu tsami da ake kira oksalik da formik. Kowane yana da awo da lokaci. Formik yana kashe ƙudaje, har da uwar zuma, in zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa mun san bazarar ƙasarmu. Apistan kuma, a wurare da yawa kaskar ta saba da shi saboda yawan sa shi. Wanda ya ga dole ne, ya fara zuwa wurin ma'aikatan kiwo ko na gandun daji, da takardar lissafinsa a hannu.

Abin da muke roƙo kada a yi shi ne ɗaukar maganin kaskar bisashe, ko na feshin wake da auduga, a zuba a amya. An haɗa su ne da ƙarfin da ya dace da saniya ko gona. Suna kashe ƙudan, wanda ya rage kuma yana shiga kaki da zuma. Zumar nan ita muke sa wa yara a kunu, ita muke kai wa mara lafiya, ita muke kaiwa kasuwa a kwalba.