Kafin a jefar da cajar da ta mutu

Cajar waya ko ta kwamfutar tafi-da-gidanka aikinta ɗaya ne: ta karɓi wutar soket mai ƙarfin bolt 230, ta sauke ta zuwa bolt 5 domin waya, ko wajen bolt 19 domin yawancin kwamfutoci. Idan ta daina aiki, galibi abu ɗaya ne ƙarami ya samu matsala. Ko dai wayar cajar ta tsinke ta ciki a daidai wuyanta saboda yawan lanƙwasawa, ko fiyus ya ƙone sa'ad da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko kapasita ta kumbura don zafi. Mai gyaran da ya san aikinsa, irin waɗanda ke Farm Centre ko titin Beirut a Kano, da mita da dalma zai gano wannan ya gyara. Don haka a ganina caja ta asali ta cancanci a kai ta gyara kafin a yanke mata hukunci.

Wani zai ce kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabuwa, to me ya yi zafi? Sai mu tambaya, wace sabuwar? Araha ba ta ado. Jabun caja ana rage mata kuɗi ne ta hanyar cire kayan kariya da matse tazarar da ke raba ɓangaren wutar soket da ɓangaren da ke shiga waya. Irin wannan caja ce ke kashe batir, ta sa fuskar waya ta riƙa taɓa kanta, wani lokacin ma ta ja mutum ko ta tayar da gobara. Ga kuma shara: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Masu cewa gyaran na da haɗari kuwa, suna da gaskiya. Babbar kapasitar ciki tana iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare caja daga soket, saboda haka buɗe ta aikin gwani ne. Fiyus ɗin da ya ƙone kuma a nemi abin da ya ƙona shi, a sa irinsa. Mai ɗaura zaren waya a gurbinsa ya cire kariyar gaba ɗaya. Cajar da ta narke ko take warin ƙuna, wannan kam a haƙura da ita, a sayi ta asali.